Sunan da Suka Laƙa wa Yaya Sule

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sule makwancinsa a nan Makka, kuma har yau ban huce ba.

Kafin ya zo aikin Hajji ya maƙale a unguwar Tandabawi, yayana ya yi ƙuruciyarsa yana tsinkar inabi a gonakin Italiya. Ya yi na kan dutse, inda sai da igiya ake sauko da kwando, ya yi na bakin teku. Masu gonakin, giya suke yi da inabin, kowane ƙauye da irin tasa. Shi ya rantse min bai taɓa kai ta baki ba, kuma Sule ba ya rantsuwar banza. Aikin ma zuciyarsa ce ta ƙi shi, ya taho.

Laifinsa ɗaya, in ya ga inabi bakinsa ba ya shiru. Wata rana a walimar suna ya ɗanɗana ƙwaya ɗaya ya ce, "Wannan ɗan dutse ne, ku ji tsaminsa. Na bakin teku gishiri-gishiri yake. Da a can ne, farar giya za su yi da wannan." Alhaji Mudi, mai gidan da muke haya, ya ce, "Astagfirullah! Ashe da Sule Giya muke zaune." Shi ke nan, suna ya bi shi.

Da azumi ya aika kwalin inabi masallacin unguwa don buɗa-baki, aka dawo masa da shi ko buɗewa ba a yi ba. Ranar na ga Yaya, ƙaton mutum, yana kuka. Da ya rasu, mota ɗaya ta ishi masu rakiyarsa.

Kwanan baya na je ɗaurin aure a unguwar Shisha. Ɗan Alhaji Mudi, wanda yanzu ke shigo da ruwan inabin Italiya marar sa maye, yana zagayawa da dogayen kwalabe. "Ya ammi," in ji shi, wato baffa da Larabci, "na kan dutse za ka sha ko na bakin teku?" Jama'a na ta masha Allah. Da Yaya na nan, dariya zai yi ya miƙa kofi, don shi ba ya riƙo. Ni ne mai riƙo.

Na so a ce haƙurinsa ake tunawa, ko sallar asuba da bai taɓa bari ta wuce shi a jam'i ba. Amma da Alhaji Mudi, wanda shi ma yana wurin, ya ƙura min ido, tsufa ya ci ganinsa, cewa ya yi, "Kai ne ƙanin Sule Giya, ko? Allah ya jiƙansa."

Na ajiye kofin da aka zuba min ban sha ba.