Mai Son Ɗanyen Kwaɓi

Phulmati mai gurasa ba ta yarda da tsohon nan ba. Tun ɗazu yake tsaye gaban murhunta a tashar jirgin ƙasa ta garin Gwaliyo, gemu fari fat, doguwar gangar masu waƙar gargajiya ta durufad a kafaɗa, ido kuwa cikin kwaɓin alkamarta. Anya ba duba-gari ba ne ya ɓad da kama don ya rufe mata sana'a?

"Baba, saye za ka yi, ko gadin kwanon aka ba ka?"

"Ɗanye nake so, 'yata."

Ya gutsura, ya manna wa fatar gangar don muryarta ta yi kauri, ya buga, ya karkata kunne.

"Kwaɓinki ya yi ruwa."

Ta janye kwanonta. Ai dama ta faɗa, duba-gari ne.