Inna Mai Almakashi

A ɗakin haihuwa, Inna Mai Almakashi ake ce wa tsohuwar ungozomar, saboda zafin namanta. Idan jariri ya faɗo laƙwas, babu kuka, kafin ƙiftawar ido ta datse cibiya, ta sunkuce shi zuwa teburin da ke can lungu, ta duƙa tana hura masa iska da 'yar roba. Haka aka koya mata, haka ta tsufa tana yi. Wasu jariran sun tsanyara kuka, wasu kuma sun koma ga Mahaliccinsu. Uwa tana kan gado tana ɗaga wuya, ba ta ganin komai sai bayan Inna.

Dab da za ta ajiye aiki aka kawo tebur mai taya. Yanzu a gefen uwa ake taimakon jariri, a ɗan jinkirta yanke cibiya don jini ya ƙara isa jikinsa. Inna ta harari teburin, ta ce, "Sai da haƙora suka zube aka kawo nama."

Wata rana tana tsugune a kasuwa tana zaɓen albasa, wata mata ta dafa kafaɗarta.

"Inna, ba ke ce ta asibiti ba?"

"Ni ce, 'yata. Ashe kin riƙe fuskata?"

"A'a, bayanki na gane. Shi na yi ta kallo har kika juyo kika ce in yi haƙuri. Duk abin da na gani na rayuwar ɗana ke nan."