Jan Zane a Motar Daddara

Jama'a, yau na ga babban mutum ya bar mota ya shige ruwa da ƙafarsa!

Na dawo daga gaisuwar rasuwa a Maraɗi, na tsallako boda da la'asar, na shiga motar Daddara a Jibiya. Ko garin ba mu fita ba ruwa ya ɓarke. Titi ya koma rafi, tsawa sai bugawa take!

Kusa da ni wata yarinya ce da jariri, ta ɗaura jan zane. Wani Alhaji a kujerar gaba ya waiwayo ya gan ta.

Ya ce, "Direba, tsaya! Jan kaya ana tsawa? Wannan aradu za ta jawo mana. A sauke ta!"

Direba ya taka birki. Yarinya ta ce, "Don Allah Baba, da jariri nike. Ina zan nufa?"

Direba ya miƙo hannu zai buɗe mata ƙofa.

Na ce, "Kai ɗan nan, ɗauke hannunka. Alhaji, da za ka shigo, ka dubi motar kuwa?"

Ya ce, "Me ya same ta, Hajiya?"

Na ce, "Ja ce jawur, gaba da baya."

Ya leƙa ta taga. Tsawa ta sake bugawa. Wallahi ko jakarsa bai ɗauka ba, ya ɓalle ƙofa ya fice a guje!

Na ce wa yarinya, "Koma gaba, 'yata, nan yoyo yake." Direba ya ja muka tafi.