Rijiyar Baba Ba Ta Ƙafewa

Mahaifina bai hau mota ba, bai gina bene ba, amma yana da rijiya, kuma duk Gyaɗi-Gyaɗi sai da aka sani. Ko ta'aziyya ya je sai ya sako zancen: "Ni rijiyata ko shekarar fari ba ta ƙafe ba." Matan layinmu nan suke ɗiba kullum da la'asar, ba a taɓa hana kowa ba. Sarautarsa ke nan.

To, sai damina ta canza hali. Da can ruwa kan wuni yana zuba a hankali, ƙasa na sha. Yanzu sai a yi makonni ana kallon sama, rana ɗaya ya zo a fusace, ya cika mana ɗakuna, ya bi kwata ya yi gaba. Ta ina ma zai shiga? Kowa ya yi wa tsakar gidansa daɓen siminti, Baba ne ma na farko. Masu hali kuwa, daga nan har Tarauni, kowa ya haƙa burtsatse yana zuƙa.

Guga ya fara dawowa da laka. Baba ya ce igiya ce ta gajarta. Aka ƙara igiya. Ya kira masu yasar rijiya, suka ƙara mata zurfi, suka fito suka ce can ƙasan ma a bushe yake. Ya ce ragwaye ne. Maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta 'yar Filato, ta ce, "Baba, ruwan ƙasa ma daga sama yake zuwa. In bai shiga ba, me za a ɗebo?" Ya ce boko ne ya yi mata yawa.

Wata tsakar rana, zafi ya kora kowa ɗaki, na kama shi. Ya shigo da ɗan ga-ruwa ta ƙofar baya, ana tuttula jarkoki cikin rijiya. Innalillahi!

"Baba, ƙasa kake shayarwa?"

"Ja bakinki. So kike mata su zo su koma da bokiti wayam?"

"To ka ba su daga jarka mana."

"Ni ɗan ga-ruwa ne?"

Haka muka yi bazara guda, rabi ƙasa ta shanye, rabi mata su ja, shi kuma yana kan tabarma yana amsa gaisuwa. Haushi ya ishe ni. Rannan malamar na sakin guga, na fasa mata ƙwai.

Dariya ta yi. "Kurar ɗan ga-ruwan da ke bi ta bayan tagata? Ai duk mun sani, kowace da ruwanta a gida. Rabin guga muke ja don tsoho ya ji daɗi."

Ashe Baba na tsaye a bayanmu da butarsa. Da safe ya naɗe igiyar da hannunsa, ya rufe rijiyar da murfi. Har ya rasu bai sake zancenta ba. Ni ce mai gaskiya, amma wallahi da na sani da na ja bakina.