Ranar da Matata ta Riƙe Hannun Inna

Ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarin ranar nan tiryan-tiryan, don har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba.

Santsi ne ya kwashe ni ina ban-ruwan tumatir a gonarmu ta Kadawa. Na ji rauni a idon sawu, ya ƙi warkewa, har sai da aka yi min aiki a wani asibiti a Kano. Ba wani yanka, 'yan huji biyu kawai. Da za a sallame ni, likita ya ce in riƙa motsa ƙafar ina ɗan takawa da sanda, kada jini ya daskare a jijiya. In kuwa ta kumbura, kada a murza, a dawo da ni.

Inna, mahaifiyata, ta ce ba ta san zancen ba. "Ƙafar da aka huda ce za ta taka ƙasa? Ba dai a gidan nan ba!" Haka na miƙe a katifa kamar sabon ango, fura na zuwa, 'yan dubiya na zuwa.

Wata safiya sharaɓata ta kumbura suntum, ga zafi, ga ciwo. Inna ta ɗauko ruwan zafi da man kaɗanya za ta yi min tausa. Matata fa, tun da aka kawo ta gidan ko abinci ba ta taɓa ci a gaban Inna ba, saboda kunyar suruka. Sai ga ta ta durƙusa ta riƙe hannun tsohuwa.

"Inna, ki gafarce ni. Likita ya ce kada a murza. Asibiti za a koma."

Ni kaina na tsorata. Inna ta kalle ta, ta ajiye man, sannan ta ce, "To, me kike jira? A nemo mota!"

Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna gudan jini a jijiya. Likita ya ce da an murza, yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Aka ɗora ni a kan magani, Allah ya ba da sauƙi.

Da muka dawo, Inna ta jawo matata jikinta, idonta cike da ƙwalla. "'Yar nan, da kin ji kunyata ranar, da yanzu takaba kike yi."

Tun daga nan na gane cewa kunya ado ce, amma in rai na kan siratsi, mai ƙaunarka shi ne wanda ya ajiye ta ya yi magana.