Ranar da Aka Tura wa Inna Mikiro

Ana kiran Yaya ya karɓi kyautar gwarzon jarumin fim, sai mai gabatarwa ya sauko daga dandamali ya nufo mu da mikiro. Ni da Inna muna layin gaba, tun da hantsi na ɗauko ta daga Tsibiri don ta ga wannan rana.

Ya ce, "Hajiya, faɗa wa duk Maradi sunan ɗanki, da ƙarfi!"

Jama'a, Yaya fa ɗan fari ne! Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Mutumin nan bai haƙura ba, ya ƙara turo mikiro har yana taɓa mata haɓa.

Ta ce, "Wane ɗa? Ni rakiya na yo."

Kowa ya kwashe da dariya, ni kuwa raina ya gama ɓaci. Ka iya zuba Faransanci, amma ba ka san kunyar ɗan fari ba?

A mota ita ta rungume kyautar cikin mayafi har gida, ta hana kowa taɓawa.

Wai su ne masu koya mana al'ada a fim. Ku faɗa mini, su wa zai koya musu?