Gonar da Baffa Ya Taka Mana

Shekarar da katafila ta baje gonakin Bakura saboda noman rani na dam ɗin Bakolori, ba ta bar tsamiya ko suri a tsaye ba. Ko'ina ya koma fetal kamar faranti. Da aka zo mayar wa mutane gonakinsu, sai aka ce kowa ya taka ya nuna iyakarsa. Babanmu ya rasu, Inna tana takaba, don haka ƙanensa, Baffa, shi ya taka mana. Gonarsa kuwa tana manne da tamu.

Ina 'yar yarinya, na bi shi a baya. Ya ɗan taɓa tafiya, ya tsaya, ya kafa turke. Na ce, "Baffa, ai ba mu kai ba! Gonarmu har bakin tsamiya take." Ya waigo ya ce, "Ina tsamiyar, ɗiyata? Ke komai babba ne a idonki." Mutane suka kwashe da dariya, alhali su ma wallahi ba su san inda suke ba. Wanda ya rantse rijiyarsa tana nan kusa, sai ka hango shi can yana dube-dube.

Abin da ya rage mana bai ciyar da mu ba. Inna ta koma surfe a gidajen mutane a Mafara, hannunta duk ya yi kanta, a haka ta rasu. Ni kuwa na girma da hoton gonar nan a raina: ka yi tafiya ka gaji kafin ka kai inuwa, ka ƙwala kira daga wannan gefe ba a ji a wancan.

Da ciwon ajali ya kwantar da Baffa, ya aiko a kira ni. Na biya ta gonar tukuna. Kai! Na ɗauka ɓatan hanya na yi. Ashe abin da ya cinye 'yan kunyoyi ne, ko dutse na jefa sai ya tsallake su. A kan wannan aka wahalar da uwata? Raina ya ƙara ɓaci.

Na same shi duk ya rame. Ya ce, "Kin gani ko? Ba ta da yawa. Ki yafe mini, a mayar miki yau ɗin nan."

Na ce, "Wannan kam riƙe abarka, Baffa. Wadda ka ƙwace mana ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma ba ni za ka mayar wa ba. Inna tana can tana jiranka."

Na zura takalmana na fito.